Kyamarar Fam 850 da Muryar Baba

Tun da aka ji cewa digiri na biyun da na zo yi Ingila a kan shirya fim ne, kusan duk taron ƙungiya sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wace kyamara zan saya?" Wani karatun malamai yake son ɗauka, wani biki, wata kuma gajeren labari gare ta da take son mayarwa fim. Ni kuma sai in tambaye su nawa suka ware wa makirfo. Yawanci sukan yi mini kallon wanda bai fahimci tambaya ba. To ga dalilina.

A watan Mayun 2025 na fara fim ɗin kammala karatu, na minti 20, na tarihi. Wani ɗan'uwa ya haɗa ni da wani dattijo a Manchester mai shekara 80 da 'yan kai, haifaffen Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Kakansa na cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Baba yana da wata irin tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci, wadda ban taɓa jin irinta a Kano ba.

Fam 1,100 nake da shi, gumin aikin dare a wani sito. Sashenmu yana ba da aron kaya, amma a lokacin kowa na layi, ni kuma ina son nawa na kaina da zan koma gida da su. Na yi mako uku ina kallon bidiyon masu gwada kyamarori har idona ya rufe. Na zuba fam 850 a Sony A7 III ta hannu, fam 190 a gilashin gabanta mai jawo nesa kusa, wato lens. Da canjin da ya rage na sayi katin ajiya da wani ɗan makirfo da ake ɗorawa a kan kyamara.

Ranar ɗauka na kafa kyamara kamar mita 3 daga kujerar Baba, don hasken taga ya sauka a fuskarsa yadda nake so. Falon ba kafet, bango fayau, ga ƙofar kicin a buɗe. Ya yi awa biyu da minti goma yana magana. Ya kawo hanyar da kakanninsa suka bi, har ya lissafa sunayen rijiyoyi da zango 11 kamar yadda kakarsa ta haddatar da shi. Ban sa abin saurare a kunne ba, don ban ma saya ba.

Da dare na buɗe kwamfuta. Hoto kam sai wanda ya gani, har furfurar girarsa kana iya ƙirgawa. Muryar kuwa kamar daga cikin rijiya, ga gurnanin firji, ga motocin bas na wucewa. Wallahi na daɗe zaune ban motsa ba.

Laifin ba na makirfon ba ne, nawa ne. Duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar yana raguwa da desibel 6. Tsakanin makirfon da aka maƙala a ƙirji, santimita 20 daga baki, da wanda ke mita 3, bambancin ya kusa desibel 24. Firji da amsa-kuwwar ɗaki kuwa suna nan yadda suke. Kuma mu Hausawa abin ya fi yi mana illa, domin harshenmu ya dogara da karin sauti da tsawon wasali. Garin da ake zama da garin tuwo kunne ne ke raba su, haka kafa da ƙafa. A jimlar da ka sani, hankali zai cike maka gurbi. Sunan rijiyar da ba ka taɓa ji ba fa? Na gwada manhajojin da ke share hayaniya, suka cire firjin, suka haɗiye rabin baƙaƙen Baba tare da shi.

Da na kai kuka wurin malamar da ke duba aikina, sai ta tuna mini fim ɗin Tangerine na 2015, wanda aka ɗauka da wayar iPhone 5s har ya je bikin Sundance. Kowa wayar yake ambato, ba a cika faɗin cewa sautin da kayan ƙwararru aka ɗauke shi daban ba. Nan na tuna yarintata. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa a kaset suka taso, hoto dishi-dishi, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi daga kallo saboda haka ba. Amma da zarar magana ta daina fita, sai ka ji ana "a ƙara murya!", daga nan hira ta ɓarke a tsakar gida.

Na sayar da kyamarar da asarar fam 70. Na sayi Panasonic GH4 ta hannu a fam 320. Tun 2014 ta fito, amma tana ɗaukar 4K, wanda ya ishe ni har ya yi yawa. Na haɗa ta da gilashi mai milimita 25, f/1.7, wanda ba ya zuƙowa. A irin wannan kyamara ana ninka lambar sau biyu, wato ya zama kamar 50, kusa da yadda ido ke gani. Irinsa ya fi mai zuƙowa mai araha shigar da haske, kuma duk wanda ya ga rana ta faɗi kafin ƙarfe 4 a Disambar Manchester ya san amfanin hakan. Na ƙara da tsohon gilashin Rasha, Helios 44-2, a fam 45 har da zoben haɗawa, don ɗaukar fuska kusa. Sauran kuɗin suka tafi a Tascam DR-10L, ƙaramar na'ura mai makirfon maƙalawa a riga, da abin saurare na kunne, da ƙafar ɗora kyamara mai ƙwari. Dogon makirfon nan da kuke gani a kan sanda ban saya ba, a fili ya fi aiki, a ɗaki mai amsa-kuwwa yakan rikice. Wani abu kuma: wutar lantarkin Ingila, kamar ta Najeriya da Nijar, mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60. A saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba fitilun ɗaki su yi ta ƙyaftawa a fim.

Duk wannan ya ci mako biyar. Da na kira, 'yarsa ta ce Baba ya kwanta asibiti, ɓarin jikinsa ya ɗan shanye, amma ya dawo gida kuma ya ce in zo.

Wannan karon na roƙi a kashe firji, na ajiye makullina a ciki don kar in tafi ban kunna ba. Muka shimfiɗa barguna da dardumai a ƙasa, na maƙala makirfo a wuyan jallabiyarsa, na sa abin saurare. Har numfashinsa ina ji. Sai dai harshen ya yi nauyi, minti 35 kawai ya iya.

Na ce, "Baba, ko za a maimaita mini rijiyoyin nan na rannan?"

Ya yi shiru, ya kawo uku, ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, ai na faɗa maka duka. Ba na'urarka ta ɗauka ba?"

Na ce ta ɗauka, Baba.

Da ɗauka ta biyu na haɗa fim ɗin. Ta farko tana nan, na ajiye ta wuri biyu. Ranakun Lahadi nakan sa abin saurare in yi ta maimaita minti huɗun nan, ina rubuta abin da kunnena ya kama, in tura wa 'yarsa ta karanta masa ko zai gane. Zuwa yanzu mun tabbatar da bakwai cikin 11.