Masaukin Talaka a Kan Tudun Mambila

Ya ɗan'uwa mai karatu, da yawa daga cikinmu matasa muna da sha'awar fita mu ga ƙasa, amma abin da ke tauye mu shi ne zaton da muke yi cewa tafiyar buɗe ido sai mai kuɗin kama ɗaki a babban otal. Wannan zato shi nake so mu ɗan tattauna a kansa yau, ta hanyar abin da na gani da idona a Mambila ta Jihar Taraba.

Mai zuwa can daga Jalingo zai ratsa Bali da Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991. Daga Mayo Selbe sai hanya ta fara nannaɗe tsauni, har ta kai mutum Nguroje, sannan Gembu. Tudun ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma a wannan yanki ne, kan iyaka da Kamaru, tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya.

Masaukin da muka sauka a Gembu bai wuce ɗakuna kaɗan a jere ba, rufin kwano, daɓen siminti. A ɗakina akwai gadon katako, da bargo biyu, da bokiti, da buta. Babu fanka, kuma ban nemi ta ba, domin da magariba ta yi sanyi ke shiga har ƙashi. Janareta kan yi aiki na ɗan lokaci da dare, a yi cajin waya, sannan a kashe. Daga nan sai duhu, da taurari, da iska tana kaɗa itatuwan turare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon da ke kula da wurin. Tun kafin asuba yakan hura itace, ya ajiye wa kowa tafasasshen ruwa a ƙofar ɗaki. Wanda bai taɓa ɗora ruwan Gembu a fuskarsa da sassafe ba, ba zai san darajar wannan bokiti ba. Shi ne kuma ya ce mana: "'Ya'yana, ku fita da wuri, kada ku yarda hazo ya riske ku a kan dutse." Ya haɗa mu da ɗan jagora, ya nuna mana inda za mu sha shayin Kakara da madarar shanu. Muka wuni muna hawa da gangara a tsakanin garkunan Fulani, muka dawo ƙafafu sun yi tsami. Wallahi barcin da na yi a kan wannan katifa mai tauri, na daɗe ban yi irinsa ba.

Da a katafaren otal muka sauka, da mun rufe ƙofa mun kunna talabijin, mun koma gida ba mu san kowa ba. Ƙarancin kaya shi ya fito da mu tsakar gida, muka zauna a bakin wuta da direbobi da fatake, ana hira da Hausa da Fulatanci. Matafiyi ba ya buƙatar fiye da wurin kwana mai tsabta, da ruwa, da mutumin kirki da ya san hanya.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka jira sai aljihu ya cika. Ka bincika lafiyar hanya, ka ɗauki rigar sanyi da tocila, ka nemi abokan tafiya nagari. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.