Ƙwaya mai ido a cikin hanjin Alhaji

Shekara biyu cur wani ɗan kasuwar atamfa a Maraɗi ya yi yana fama da murɗar ciki da zawo. Ya rame har manyan rigunansa suka yi masa yawa, jininsa ya ragu, sallar azahar ma wani lokaci a zaune yake yin ta. An ba shi maganin atuni, an ba shi na tsutsar ciki, an ce gyambon ciki ne. A Yamai aka zura masa bututu mai fitila ta baki, aka sake zurawa ta dubura, likita ya ce bai ga kome ba. Ba laifinsa ba ne: na sama yana tsayawa a farkon ƙaramin hanji, na ƙasa yana leƙa ƙarshensa kawai, alhali tsawon hanjin nan ya kai wajen mita 6. Tsakiyar duk duhu ce. Ƴan uwa kuwa suka fara raɗa cewa sammu ne.

Ya sayar da wani filinsa ya tafi Tunis. A can aka miƙa masa ƙwaya mai tsawon milimita 26 da faɗin 11, da kamara da fitila da batir a cikinta. Wani injiniyan Isra'ila, Gavriel Iddan, ya ƙirƙiro ta, aka kuma amince da ita a Amurka a 2001. Ya haɗiye ta da ruwa bayan ya kwana bai ci kome ba, aka ɗaura masa ƴar na'ura a ƙugu. Sa'a 8 tana bin hanji tana aiko hoto aƙalla biyu kowace daƙiƙa, shi kuwa yana zaune a masauki yana jan carbi.

Hotunan sun nuna gyambuna ƙanana birjik. Alhaji ya yi hamdala, yana zaton magana ta ƙare. Sai likita ya tambaye shi ta bakin tafinta:

— Alhaji, wane magani kake sha wanda ba likita ya rubuta maka ba?

Ya yi jim, sannan ya amsa cewa ya daɗe yana sayen diklofenak a hannun masu talla saboda ciwon baya.

Nan gizo ke saƙar. Ƙwayar tana gani, amma ba ta iya gutsuro nama a auna. Gyambon da irin wannan magani ke haddasawa, da na tarin fuka idan ya kama hanji, da na cutar da Burrill Crohn ya bayyana a 1932, duk suna kama da juna a hoto. Maganin cutar Crohn kuma yana rage garkuwar jiki. In aka ba mai tarin fuka, an hura wutar ne.

Dole ya bar diklofenak, ya jira wata guda, guzuri na ƙarewa, uwargida na waya kullum. Aka yi masa awon tarin fuka, aka shiga da dogon bututu aka gutsuro naman wurin. Gyambunan suna nan: Crohn ce, cutar da ake lallaɓawa, ba a warkewa.

Ya komo Maraɗi da takardar magani mai tsawo. Ran da ya buɗe shago, yaron da ya saba kawo masa ƙwayoyi ya iso da tirensa a ka. Alhaji ya amsa gaisuwarsa, ya ce ya wuce.