Quartzsite: Garin Da Ake Auna Ruwa Da Galan

Idan matafiyi ya taso daga birnin Phoenix na Jihar Arizona a ƙasar Amurka, ya miƙi babbar hanya mai lamba 10 ya yi yamma, bayan tafiyar kamar mil 125 zai iske wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar hamada, ana ce da shi Quartzsite. A ƙidayar 2020 mutanensa 2,413 ne kacal. Da bazara zafinsa yakan wuce digiri 45, ruwan saman da yake samu a shekara kuwa ƙalilan ne. Amma da zarar hunturu ya kama, sai ka ga dubun dubatar mutane sun kwararo daga jihohin arewa da ƙasar Kanada, sun gudo wa ƙanƙara, kowa da motarsa mai ɗaki, watau motar da aka yi wa gado da madafa da makewayi a ciki.

Tun asali ruwa ne ya kafa garin. Sunansa na farko Rijiyoyin Tyson, domin nan ne kekunan doki suke yada zango su sha ruwa. A maƙabartar garin akwai kabarin Haji Ali, wanda Turawa suka juya sunansa ya koma Hi Jolly. Yana cikin masu raƙuman da sojan Amurka suka ɗauko daga ƙasashen Daular Usmaniyya a shekarun 1850, don su gwada ko raƙumi zai yi musu sufuri a hamada. Ya rasu a nan a 1902, a 1935 kuma aka gina masa ɗan dala, aka ɗora siffar raƙumi a kansa.

To, mai karatu, abin da salka take wa ayari shi ne tanki yake wa mota mai ɗaki. Akasarin baƙin nan ba cikin gari suke sauka ba, a filin gwamnati suke zama, musamman wanda ake kira La Posa, inda mai takardar izini yake iya zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Ba wanda aka ja wa famfo ko lantarki zuwa masaukinsa. In ruwa ya ƙare, sai mutum ya naɗe kayansa, ya tuƙa gidansa zuwa wurin ɗiban ruwa, ya bi layi.

Kowace mota tana da tanki uku. Na farko na ruwan sha ne, na biyu yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke, na uku kuwa na makewayi ne. Wani ɗan injin da yake aiki da batirin mota shi yake tura ruwa cikin bututu duk lokacin da aka buɗe famfo. Tanki mai galan 40 yana cin kamar lita 150, nauyinsa ya yi daidai da buhun siminti uku. Saboda haka wanda ya ce zai sa tanki mafi girma, wajibi ne ya fara duba iyakar nauyin da motarsa take ɗauka, ya kuma ɗaure shi sosai kusa da ƙasa, don kada ruwan ya riƙa rinjayar motar a kan kwana.

Ba kowa ne ya zo yawon shan iska ba. Da yawa tsofaffi ne da fanshonsu bai isa kuɗin haya ba, akwai kuma waɗanda suka rasa gidajensu bayan rikicin tattalin arziki na 2008. Irin waɗannan tsohuwar mota suke iya saye, ta shekarun 1970 ko 1980, kuma ita ce gidansu ɗungurungum. A wurinsu yoyon bututu ba ƙaramar masifa ba ce. Daɓen motar na katako ne, ruwa kuwa a ɓoye yake ɗiga a bayan kabad, kafin a ankara katakon ya ruɓe, gyaransa ya fi kuɗin motar.

Dalilin yoyon sananne ne. Daga 1978 zuwa 1995 an yi ta amfani da wani bututun roba mai ruwan toka, wanda daga baya aka gane cewa sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo yana cinsa ta ciki har ya tsage. Motocin da suka girme waɗannan kuwa galibi bututun jan ƙarfe gare su, shi kuma sanyi ne abokin gabansa, domin ruwa in ya daskare yakan ƙaru da kashi 9 cikin 100, ya fasa abin da yake ciki. Masu gyara a yau sukan cire tsohon bututu duka, su sa wani na roba mai lanƙwasuwa da ake kira PEX, ja na ruwan zafi, shuɗi na ruwan sanyi, wanda ya fi jure girgizar hanya.

Gwajin yoyo ba shi da wuya. A cika tanki, a rufe kowane famfo, a kunna injin, a kasa kunne. In ya yi shiru, lafiya lau. In kuwa yana tashi jifa-jifa alhali ba wanda ya taɓa famfo, to ruwa yana zurarewa a wani wuri. Shi tankin ruwan sha, irin robar da ake yinsa da ita ba ta karɓar gam, don haka in ya tsage sai dai a narka roba a liƙe, ko a saya sabo. Bayan gyara akan zuba rubu'in kofi na ruwan bilic a kowane galan 15, a bar shi sa'o'i, a zubar, a ɗauraye har warin ya fita. Tiyon ruwan sha kuma daban ake ajiye shi, ba ya haɗuwa da na wanke tankin makewayi.

A watan Janairu ake cin babbar kasuwar garin, ta duwatsu masu daraja da kayan motoci. A rumfuna za ka ga tankuna da injuna da bututu a jere, maƙwabta kuma suna ara wa juna kayan aiki, wani kwance a ƙarƙashin mota, wani yana miƙa masa sifana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, shi ya sa mai hankali yake gama gyaransa tun da sauran sanyi. Kafin Afrilu ya ƙare filin ya watse, an bar 'yan gari da zafinsu da kabarin Haji Ali.