Mai Hoto da Yarjejeniyar da Bai Karanta Ba

A ƙasar Kurfai, kafin wayar salula ta shiga kowane aljihu, mai ɗaukar hoto mutum ne da ake aika wa goron gayyata. Ana kiransa ranar suna da ɗaurin aure, ana nemansa ran Lahadi a kasuwar Filinge. In ya ɗauka aka wanke, sai ya miƙa wa mai biki hotonsa, shi kuwa ya adana negatif a akwati. Wannan ɗan baƙin fim shi ne jarinsa, shi ne kuma shaidarsa, domin duk mai son ƙarin kwafi sai ya koma wurinsa ya biya.

Magajinsa na yau ba ya da akwati. Yana ɗaukar jajayen shanun Azawak a Tukunus, da duwatsun da suka yi wa Dallol Bosso katanga, da ƴan kokowa suna haɗa ƙirji bayan girbi, sannan ya ɗora su a Facebook ko Instagram don a san aikinsa, a kira shi biki. Ranar da ya buɗe shafinsa ya danna alamar amincewa a ƙarƙashin wata doguwar takarda ta Faransanci, bai tsaya karanta ta ba. Takardar ta ce hoton nasa ne, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai ta ƙara da cewa ya bai wa kamfanin izinin ajiye shi, da kwafa, da gyarawa, da rarrabawa a ko'ina cikin duniya ba tare da biyan ko dala ba, kuma kamfanin yana iya miƙa izinin ga wani. Izinin yana ƙarewa idan an share hoton daga rumbun kamfanin, amma kwafin da jama'a suka riga suka sauke ba ya dawowa gida. Wato saniya tasa ce, nono kuwa ya sa hannu a tatsa.

Wannan takarda ba a kan dutse aka sassaƙa ta ba. A watan Disamba na 2012, Instagram ya sanar da sababbin sharuɗɗa waɗanda mutane suka fahimta da cewa za a iya sa hotunansu cikin talla ba tare da an biya su ba. Masu hoto suka yi caa, mujallar National Geographic ta dakatar da ɗora hotuna a shafinta, kuma cikin ƴan kwanaki shugaban kamfanin, Kevin Systrom, ya janye wannan sashe. Waɗanda suka karanta ne suka ceci waɗanda ba su karanta ba.

Haka kuma izinin da aka bai wa kamfani bai zama izinin kowa da kowa ba. Ran 12 ga Janairu 2010, girgizar ƙasa ta rushe Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Wani mai hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya ɗora abin da ya ɗauka a TwitPic. Wani ya kwashe hotunan ya sake ɗora su da sunansa, kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, da Getty Images suka rarraba su ga jaridun duniya. AFP ya kafa hujja da sharuɗɗan Twitter, kotu a New York ta ƙi karɓa, kuma a Nuwamba 2013 aka yanke wa Morel diyyar dala miliyan 1.2 ta Amurka.

Mai hoton Filinge ba ya da lauya a New York, amma doka ba ta manta da shi ba. Dokar haƙƙin mawallafi ta Nijar ta 2010 ta haɗa da hotuna, kuma akwai hukumar BNDA a Yamai da aka ɗora wa kula da wannan haƙƙi. Abin da ya fi saurin kuɓuce masa shi ne sunansa, domin hoto yana fita daga Facebook ya shiga WhatsApp, ya bulla a kalanda ko rahoton wata ƙungiya, babu mai tambayar idon wa ya gani. Wannan ciwo ya girmi intanet: a 1991 an baje hotunan Seydou Keïta na Bamako a New York da rubutun cewa ba a san mai ɗaukarsu ba, alhali yana raye a garinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne nauyi ya hau kan malamai da ƙungiyoyin al'adu, don su ne suka fi kowa sauke hotuna saboda darasi da takardun bukukuwa. Ya kamata su nemi mai hoto kafin su buga, su rubuta sunansa a ƙasan aikinsa, su biya shi ko da jika ɗaya ce. Shi kuma ya adana babban hoton asali a wurinsa, ya ɗora ƙarami mai ɗauke da sunansa, ya nemi wanda zai fassara masa sharuɗɗa da Hausa kafin ya danna. Ɗalibin da ya saba ganin suna a ƙarƙashin kowane hoto a allon makaranta, in ya girma ba zai ɗauki aikin wani ya ce tsintuwa ce ba.