Idon tsirkiya

Kowane ɗan Matamaye ya san baka. Ana yin sa da icen dargaza ko gora, a ɗaura masa tsirkiya ta fata. Kibiya kuwa ƙarfe ce da ake kafawa a bakin kyauro. Maharban da sukan shafa mata dafin kwankwani, su zuba ta cikin kwari.

Akwai wani irin baka da ba a sassaƙa shi a ƙasarmu. Wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ne ya ƙago shi, aka ba shi takardar shaida a 1969. Bakan nan yana da ƴan tayoyi biyu, ɗaya a kowane kai. Su ne ke rage wa maharbi nauyi idan ya ja har iyaka. Tsirkiyarsa zare ne masu yawa da aka murɗe wuri ɗaya. A tsakanin zaren nan ake cusa wani ɗan zobe mai huda a tsakiya. Ni ina ce masa idon tsirkiya.

Mene ne aikinsa? Idan maharbi ya ja baka, zoben yakan zo daidai da idonsa. Ta cikin hudar zai leƙa, ya ga wani ɗan tsinke da ke liƙe a jikin bakan, sai ya ɗora tsinken bisa abin da zai harba. Ido, huda, tsinke da nama, duka sai su hau layi ɗaya.

Na taɓa riƙa zoben nan a hannuna. Ɗan wana, da ke karatu a Faransa, ya zo hutu da irin wannan baka, da zobba uku a cikin kwalin ashana. Hudar na fari ta kai milimita 3, ta na biyu kusan 5, ta na uku ta ɗan wuce 6. Bai san wanda zai sa ba. Sai na kai shi wurin kawuna, tsohon maharbi, a wani ƙauye cikin fadamar rake.

Kawu bai yi gaggawa ba. Ya ɗaga zobban ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa wani gawo da ke bakin gona. Sa'an nan ya ce mu dakata sai rana ta faɗi. Da almuru ya yi, ya sake leƙawa, ya miƙo babban.

Yaron ya ce: «Kaka, ai ƙaramin ya fi kai kibiya daidai.»

Kawu ya ce: «Kai ɗan nema, yaushe ka ga zomo yana yawo da tsakar rana? Nama da asuba yake fita, ko da magariba. Ƙaramin nan ya mai da mini gawo inuwa. Wanda bai ga nama sarai ba, a cinya zai same shi. Ya gudu da kibiya ya mutu a daji, ba kai ba tukunya. In ma akuyar maƙwabci ce, ka ja wa gidanku shari'a.»

Su biyun suna da gaskiya, amma ni na fi ba Kawu. Ƙaramar huda tana tsare ido wuri ɗaya, tana kuma fito da abu tar, sai dai haske kaɗan take bari ya shiga. Babbar huda tana shigo da haske da yawa, amma ido yana da wurin yawo a cikinta, kibiya kuma ta ɗan kauce. Masu gasa da wannan baka suna harbi daga nisan mita 50, cikin haske. Tsakiyar allonsu santimita 8 ce kawai, kamar tafin hannunku. Su ƙaramar huda ta dace da su, har akwai masu sa wadda ba ta kai milimita 2 ba. Tsoho kuwa, da mai fita cikin duhu-duhu, babba suke so.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da Kawu ya yi daga baya. Ya ce wa yaron ya rufe idanu, ya ɗana kibiya, ya ja har hannunsa ya zauna a muƙamuƙi, sa'an nan ya buɗe. Inda tsirkiya ta tsaya gaban ido, nan ya sa alama da gawayi. Nan ne mazaunin zobe. Ba wanda ya koya masa wannan a littafi. Shekara da shekaru yana jan tsirkiyarsa ta fata zuwa wuri guda a kumatunsa, ba sama ba ƙasa. Wurin nan shi ne nasa idon tsirkiya. Masu harbi da baka marar taya a wasannin Olamfik ma haka suke yi. Nisansu mita 70 ne, kuma doka ta hana su sa zobe, don haka sai su kai tsirkiya har ta taɓa hanci da haɓa.

Ku ma kuna iya gwadawa ba tare da baka ba. Ku sami kwali, ku huda shi wuri biyu, ɗaya da allura, ɗaya da ƙusa. Ku leƙa rubutun allo ta kowace huda da hantsi, ku faɗa wa mushe abin da kuka gani. Da magariba ku sake leƙa ƙofar gidanku da kwalin nan, ku ga hudar da za ta fara yin duhu.