Robobin Tirelar Maƙwabcina

A shekarun da na zauna a jihar Indiyana ta Amurka, kusa da garin Elkhart inda masana'antun ƙera motocin yawon shaƙatawa suke da yawa, ina da maƙwabci dattijo da ya yi ritaya daga ɗaya daga cikinsu. A bayan gidansa yake ajiye wata tirela mai naɗewa. In tana rufe, akwati ce kawai mai taya biyu da mota ke ja. In an isa daji sai a murɗa wani hannu rufin ya ɗaga, a jawo gado ta gaba da ta baya, tamfol ya miƙe, ga ɗaki ya samu.

Bayan ƙanƙara ta narke, wata Asabar ya kira ni in kama masa aiki. Gadon baya ya karkace, kuma yana ƙara in an hau. Muka durƙusa, ya nuna mini inda sandunan da ke tallafe gadon suke zama a jikin ƙarfen tirelar. Ƙarƙashin kowace sanda akwai 'yar roba da ba ta kai tafin hannu ba. Duk sun bushe sun tsattsage kamar dunduniya mai faso a hunturu. Rana da sanyi da gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara sun gama da su. Ɗaya ma ta cinye sarai, ƙarfe yana gugar ƙarfe, tsatsa ta fara kamawa.

Na ce masa, "Baba, a Kano daga tsohuwar taya za a yanko wannan." Ya ce taya za ta yi, in dai kaurin ya zo ɗaya, domin in wata ta fi wata tudu nauyin mai barci zai taru a gefe guda har katakon gadon ya tsage. Shi ya sa ya ƙi canza wadda ta cinye ita kaɗai, ya sayo huɗu.

Da injin huda muka cire ƙusoshin da suka riƙe tsofaffin. Ni na goge tsatsar da buroshin ƙarfe, shi ya shafa fenti. Sababbin robobin ya jiƙa su a ruwan zafi su yi laushi, sannan ya shafa musu ruwan sabulu. Da na miƙo masa giris sai ya riƙe mini hannu, ya ce mai yana ruɓar da roba. Wurin ɗaure noti kuwa bai bari na matse da ƙarfi ba: robar ta zauna daram, amma kada ta baje.

Na hau gadon na juya dama da hagu, shiru kake ji. A bazarar shekarar ya kai jikokinsa bakin Tafkin Michigan da ita, kuma kuɗin robobin huɗu bai kai na man da motarsa ta sha a hanya ba.