Ruwan Kwal da Na Koyi Tsarkakewa a Bhilai

A Tungan Maje ana kirana Baba Mai Gwajin Ruwa, domin duk maƙwabcin da ya haƙa rijiya sai ya aiko mini da ruwanta a kwalba in duba. Kaɗan ne suka san inda na samo sana'ar. Bayan Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a 1980, an tura matasa da dama Tarayyar Sobiyet da Indiya koyon aiki. Ni rabona ya kai ni Bhilai a Indiya, sashen da ake gasa kwal.

Kafin kwal ya iya narka tama, sai an rufe shi a tanda, ba iska, an gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,000. Hayaƙin da ke fita ana sanyaya shi da ruwa, to wannan ruwan shi ne aikina. Launinsa kamar shayi ba madara, warinsa kuwa na Izal ne sak, kuma ba mamaki, don asalin Izal daga irin wannan tanda aka samo shi a Ingila. A cikinsa akwai finol da amoniya da sayanayid da ɓurɓushin kwalta.

Malaminmu, wani dattijo mai haƙuri, ya fara da koya mana gane finol. Za ka tace ruwan ta hanyar turara shi, ka daidaita tsaminsa, ka ɗiga magunguna biyu. In akwai finol, sai ka ga ja-ja yana bayyana a hankali daga inda ɗigon ya faɗa. Wata rana ya ba mu kwalba biyu, dukansu garau, ya ce mu zaɓi na sha. Bayan gwaji, ɗaya ya yi jawur. Har yau idan wani ya ce mini "ai ruwan fari ne tas", wannan kwalbar nake tunawa.

Tsarkakewar kuwa sai an bi ta daki-daki. A bar kwalta ta kwanta a kwashe, a kori amoniya da tururi, sannan a zuba ruwan a manyan kwatamai inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye finol. Nan ne zuciyata ta fi kwantawa. Halittu ne masu rai, sai an hura musu iska dare da rana, an ƙara musu fosfet, kuma in dafin ya zo da yawa lokaci guda sai su mutu, a yi makonni ana renon wasu. Abin da ya gagare su, gawayi na musamman ke tsotse shi daga ƙarshe.

Na dawo gida, rayuwa ta juya da ni zuwa koyarwa, ilimin ya zauna a kaina. Amma maganar kwal ba ta mutu ba. Ana haƙarsa a Maiganga ta jihar Gombe da Okaba ta jihar Kogi, ga kuma na Obi kusa da Lafiya, wanda ake ganin zai iya gasuwa. Abin da ke damuna shi ne, ko ɗan mitsitsin finol daga ruwan gasa kwal ya haɗu da kulorin da muke zuba wa ruwan famfo, ruwan ya tashi daga na sha.

Ina roƙon hukumar kare muhalli ta NESREA da gwamnatocin jihohin nan: kada a bari a kunna tandar gasa kwal ko ɗaya sai an ga wurin tsarkake ruwanta yana aiki, da ƙwararrun da za su kula da shi.